Makullan Aro a Ƙofar Soro

Jikata ce ta ja ni zuwa lambun nan na bakin gulbi ran wata Lahadi, wai in nuna mata wuraren da suka fi kyau a hoto, tun da a cewarta ni da lambun sa'o'in juna ne. Na ce mata na girme shi, kuma na fi shi riƙe ganye. Muka shiga. Kafin mu kai inuwar farko ta ɗauki hotuna sun fi a ƙirga da wayarta, ta goge rabi, ta karkata kai ta sake, ta ce hasken bai yi mata ba. Ni kuwa ina ta neman abubuwan da na sani ina rasa su ɗaya bayan ɗaya. Gangaren da ake tsayawa a hango ruwa da masu kwalekwale, yanzu ƙeyar wani dogon bene kake hangowa. Tsamiyar da ke kusa da kejin zaki an sare ta, an dasa bencin siminti a gurbinta, wanda ba mai zama a kansa bayan hantsi sai mai niyyar gasa kansa. Abu ɗaya na tarar inda na bar shi: soron nan mai zane, fari da shuɗi, da ƙofarsa ta itace. An sake masa fenti, an yi masa kwalliyar da ta fi ƙarfinsa, amma shi ne.

"Tsoho, tsaya nan in ɗauke ka," in ji ta. "Dafa ƙofar kamar gidanka ne."

Na yi dariya har sai da na jingina da sandata. Ba ta san na taɓa mallakar gidan nan ba, kuma mallakar ta kusa raba ni da mahaifina.

A shekarun farko bayan an sauke tutar Faransa an ɗaga tamu, Yamai gari ne da mutum zai iya ƙare shi da ƙafa tsakanin la'asar da magariba, har ya samu lokacin tsayawa gaisuwa. Ba gada. Mai son ƙetare ruwa sai ya sauka gangaren Gaweye ya jira jirgin fito tare da jakuna da buhunan albasa, kuma jirgin ba ya sauri don kowa, ko da minista ne. Da safe luguden mata a turmi ke tashin mutum, sai masu ruwa da garwa biyu a sanda suna kira ƙofa ƙofa, sai matan Zabarmawa masu tallan kopto, kwaɗon zogalen nan nasu da ya riƙe rayukan gwauraye da yawa. Ni a lokacin sabon mushe ne, wato malamin lakol, makarantar boko ke nan, an turo ni daga Damagaram da takarda a hannu da wando biyu a akwati. Ɗaki ɗaya nake haya a wani gidan ƙasa bayan masu sayar da itacen gini a kasuwar Katako, inda ƙarar zarto ke yi mini ƙararrawar tashi. A ɗakin akwai gadon kara, da tebur mai ƙafa uku da rabi, da littattafan da gara ta riga ni karanta rabinsu ba ta kuma taɓa gaya mini ra'ayinta ba. Amma in na fito da farar riga da alƙalami a aljihu, har tsofaffi sukan matsa mini a hanya. Ƙasa sabuwa ce, mu ma sababbi ne, kuma mun tabbata mu za mu gyara ta kafin damina biyu.

Ran Lahadi duk wanda ke da riga mai wanki lambun nan yake nufa. Akwai namun daji a keji, akwai masu saƙa da maƙera a rumfuna, akwai inuwa, amma mu abin da ke kai mu hoto ne. Mai ɗaukar kuwa Hamani ne, wani Bazabarme dogo mai wushirya, wanda ya yi shekaru a Kumasi ya dawo da akwatin hoto da tari. Akwatin na katako ne a kan ƙafa uku, da baƙin ƙyalle a baya da hannun riga a gefe. Zai tsayar da kai, ya gyara maka haɓa da yatsa kamar wanzami, ya cusa kai cikin ƙyallen, ya ce kada ka motsa kada ka numfasa, sannan ya cire murfin idon ya ƙirga da harshensu, afo, ihinka, ihinza, ya mayar. Sai ya zura hannu cikin akwatin ya yi ta lalube yana kallon sama kamar mai neman ƙwai a ƙarƙashin kaza. Takardar farko da yake fiddawa komai a juye yake fitowa, rigarka baƙa, fuskarka fara sol. Ya kan nuna maka ita ya ce, "Duba da kyau, ka zama Nasara. Yi haƙuri, yanzu zan ba ka mulkin kai." Ya sake ɗaukar takardar, ya wanke a bokiti, ka fito da launinka na gado. Yaran yanzu da ke ɗaukar ɗari su zaɓi ɗaya ba za su gane abin da ake nufi da mutum ya riƙe numfashinsa don fuskar da za a gani a garinsu shekara goma ba.

Kowane wuri a lambun da mutanensa, ba wanda ya rubuta dokar amma ba mai karya ta. Gaban kejin zaki na sojoji ne da jandarmomi. Zakin dai ba ya girmama kaki, yawanci barci yake ya juya baya, shi ya sa a gidaje da yawa na ƙasar nan akwai hoton jarumi ya turo ƙirji kusa da gindin zaki. Gangaren ruwa na ango da amarya ne, da kuma mutanen Tawa da namu na gabas, waɗanda ke aika hoton gida don shaida, domin in ka rubuta wa wanda ya tashi a bakin rijiya mai gaba ashirin cewa ka ga ruwa yana tafiya shi kaɗai ba mai ja, zai ce Yamai ta koya maka ƙarya. Wajen raƙumin dawa gajeru ba sa zuwa. Ita kuwa ƙofar soro ta ma'aikatan biro ce, wato ofis, da teloli, da duk wanda ke son a ce a gida ya zama wani abu. Soron ba gidan kowa ba ne. Hukuma ce ta gina shi da fasalin gidajenmu na gabas, da zankwaye a kai da dagi a goshi, don a ajiye tsofaffin tufafi da kayan kiɗa a ciki. Hamani na da kayan aro a buhu: keke marar sarƙa, rediyo marar ciki, jaridar bara, rigar Turawa da muke kira bes wadda aka ɗinke karabat, ƙyallen wuyan nan nasu, a jikinta, da wani damin makullai masu nauyi da ba su buɗe komai a duniya.

Ran da na je, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Mushe, kai ba na zaki ba ne. Kai na ƙofa ne." Ya sa mini bes, ya miƙo makullan. "Hannun dama a kan ƙofa. Makullai a hagu, sake su su yi lilo. Kada ka yi murmushi, mai gida ba ya murmushi a ƙofarsa, sai ɗan haya."

Na biya, na sa hoton a ambulan, na rubuta a bayansa cewa ga ɗanku yana lafiya a Yamai, na manna tambur na jefa a gidan waya. Ban rubuta cewa gidana ne ba. Na daɗe ina kāre kaina da wannan, kamar lauya. Amma yanzu na tsufa, zan iya faɗi: na so su ɗauka haka. Inna nake tunani, da matan unguwa da suka yi ta ce mata an kai ɗanta lakol an lalata shi.

Abin da na manta da shi a bakin ƙofar nan shi ne ɗan gidan wa nake. Mu magina ne kaka da kakanni. Na tashi ina jin warin ƙasar da aka kwaɓa da ciyawa aka bari ta kwana uku, ina ganin yayyena suna cilla tubali sama ɗaya bayan ɗaya, Baba yana kan bango yana cafewa ba ya ko kallo, yana waƙa ƙasa-ƙasa. Aikina kafin a kama ni lakol shi ne taka ƙasa da jiƙa makuba, ɓawon ɗorawar nan da ake shafe bango da ruwansa don kada damina ta ci shi. Kuma a zuriyarmu akwai abin da ba a tsallakewa: ba wanda ke fara gini sai babban gida ya aza masa tubalin farko da hannunsa, ya yi bismilla. Wanda ya yi gini ba haka ba, ya sanar wa duniya ke nan cewa ba shi da uba, ko yana da shi ba ya bukatarsa. Ranar da zan taho Yamai Baba ya raka ni tasha, bai yi mini doguwar nasiha ba. Cewa ya yi, "Ka je ka riƙe allinka, ban hana ba. Amma ran da za ka yi gini, ko na akurkin kaji ne, ka aiko. Ni zan aza na farko." Na san wannan kamar yadda na san biyu sau biyu. Bes ɗin Hamani ce ta matse mini shi ya fita daga kai.

Wasiƙun gida wani malamin unguwarmu ke rubutawa da ajami, kuma suna da tsari kamar sahun salla: gaisuwar Baba a layin farko, sannan Inna, sannan sauran jama'a bisa girma. Amsar da ta zo bayan hoton, Inna ce a layin farko. Ta yi godiya ga Allah, ta ce mata suna ta shigowa barka. A can ƙasa, kusa da gaisuwar maƙwabta, an rubuta: Babanka ya ga hoto. Shi ke nan. Wasiƙa ta biyu ko wannan babu. Na je tashar motocin gabas na nemi Garba, direban babbar motar da ke zirga-zirga tsakanin garinmu da Yamai, wanda ke kawo labari da sauri fiye da gidan waya.

"A'a, Mushe mai soro!" in ji shi, yana goge hannu da tsumma. "Ka gina fada ba ka kira mu walima ba?"

"Bar wannan. Yaya Baba?"

Ya daina dariya. "Tsohuwa kam ta jingina hoton a kan jeren tasoshinta, har goro ta raba. Amma tsoho ya daina zama a dandalin magina. Ran nan wani ya ce masa, ashe Yamai ma akwai magina, har sun fi na gida, tun da ɗan gida su ya zaɓa. Ya ɗauki takalmansa ya tafi, bai sake komawa ba. Ka san shi, ba ya faɗa. Ramewa yake."

Ni da ke koya wa yara yadda ake rubuta wasiƙa, da gabatarwa da gundarin magana da rufewa, na zauna sau uku in rubuta layi uku na kasa. In na faɗi gaskiya, Inna da ta raba goro ina za ta sa fuskarta? In na yi shiru, Baba na can yana ɗauka na cire shi daga ubanci. Sai na sha maganin da masu ilimi suka fi so: na ɗage maganar zuwa babban hutu.

Baba bai jira hutu ba. Wata Asabar da azahar na sallami yara, na fito ƙofar lakol, sai ga shi tsugune a gindin bango, jar ƙasar hanya ta rine masa rawani da gemu, da jakar fata a gefe. Mutumin da bai taɓa wuce Maraɗi ba ya yi kwana uku a bayan motar Garba a kan buhunan gyaɗa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa duk gaisuwar, bai rage ko ɗaya ba, amma idonsa na kan bangon lakol. Da muka gama ya miƙe ya ce, "To, Mushe. Kai ni gidan."

Bai taɓa kirana Mushe ba sai ranar.

Na ce, "Baba, ka gaji. Bari in kai ka wajen Alhaji ka huta, gobe da safe mu je." Alhajin wani ɗan kasuwa ne mutumin garinmu, wanda baƙin gabas ke sauka a zaurensa.

Ya dube ni a karo na farko. "To," in ji shi. "Gidan ma ba ya saukar da mutanen Damagaram."

Da a ce mari ne da na fi so. Sai na yanke cewa abin da baki ya kasa, ido zai yi.

Washegari da hantsi muka kama hanya, yana gaba ina baya ko da yake ni na san hanyar. A ƙofar lambun ya ga mai gadi da hula, ya ce, "Har da dogari." Muka shiga cikin jama'a, mata da goyo, sojoji, masu tallan gyaɗa. Ya fara rage tafiya. Can sai zakin, wanda bai taɓa yi wa kowa alfarma ba, ya zaɓi wannan lokaci ya yi gurnani. Baba ya tsaya cak.

"Me kake kiwo a gidan nan?"

"Mu ƙarasa, Baba."

Muka sha kwanar wasu itatuwa, sai ga soron. Ga kuma layi. Wani tela da na sani yana tsaye a ƙofar sanye da bes, hannun dama a kan itace, makullai na lilo a hagu, ya ɗaure fuska kamar wanda ƴan haya suka ɓata wa rai. Bayansa mutum biyar suna jira. Hamani ya fiddo kai daga baƙin ƙyallensa ya hango ni.

"Fofo, Mushe! Ka zo duba gidanka? Yau sai ka bi layi, masu gida sun yi yawa!"

Na so ƙasa ta tsage. Baba kuwa ya tsaya ya harɗe hannu a baya, ya kalli telan ya gama, ya tuɓe bes, ya miƙa makullai ga wani ɗan siririn ma'aikacin gidan waya. Ya kalli wannan ma ya mallaki gidan ya sauka. Ya kalli na uku. Sannan ya bar layin ya nufi bangon ta gefe. Ya shafa shi da tafin hannu daga sama zuwa ƙasa. Ya ƙwanƙwasa da ƙashin yatsa ya kara kunne. Ya ja da baya ya daɗe yana duban zankwaye da dagin goshi. Ya zagaya bayan ginin ya duba inda ruwa ke sauka, ya dawo ta ɗaya gefen. Ni ina biye kamar wanda ake zagayawa da shi kasuwa.

"Wanda ya yi zanen nan ya ga gidajen Birnin Damagaram, kuma ya iya," in ji shi. "Amma da siminti a ciki." Ya juyo. "Ba naka ba ne?"

"Ba nawa ba ne, Baba."

"Ba kai ka sa aka gina ba?"

"A'a."

"Ko tubali ɗaya?"

"Ko ɗaya."

Ya sauke numfashi mai tsawo, ya nemi gindin tsamiyar nan da yanzu aka sare, ya zauna a ƙasa. "Alhamdu lillahi," in ji shi. Ya maimaita. Ya cire rawani ya kakkaɓe ya mayar. "Wata uku abinci ba ya wuce mini maƙogwaro. Na ɗauka yar da ni ka yi. Ashe ƙarya kawai ka yi."

Na durƙusa ina ba da haƙuri, ina haɗa Hausa da hujjoji, har na fara bayanin cewa a gaskiya ban rubuta komai a kan gida ba. Ya ɗaga hannu.

"Kai, rufe mini baki. Ka riƙe makullai. Ka ga wanda ya taɓa riƙe makullan gidan wani ya ɗaure fuska haka?" Sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Dariya yake. "Uwarka ta raba goro a kan gidan gwamnati."

"Shi ne abin da ya hana ni rubutowa, Baba. In an ji, ita za a yi wa dariya. Kai ma ba za a bar ka ba."

Ya daɗe yana kallon layin. Sannan ya miƙe, ya gyara riga, ya je ya tsaya a bayan mutum na ƙarshe. Na ce, "Baba, me kake yi?" Ya ce, "Layi nake bi. Ba haka mutumin ya ce ba?"

Da aka zo kansa, Hamani ya gane ko wane ne, ya rusuna ya gaishe shi da Hausarsa mai karkata, ya ɗauko bes. Baba ya ce ya mayar da tsummansa buhu. Makullan kawai ya karɓa. Ya auna nauyinsu a hannu, ya ce ko ƙofar gari ba ta bukatar rabin wannan. Ya tsaya a ƙofar da rigarsa mai jar ƙasa, ya dafa itacen. Hamani ya ce, "Baba, kada ka motsa, kada ka numfasa." Ya ce, "Yaro, na yi shekara arba'in a kan bango mai gaba biyar, kai za ka koya mini tsayuwa?" Da aka nuna masa takardar farko, fuskarsa fara gemunsa baƙi, ya ce a ba shi wannan ma, zai kai wa Inna ta ga mijin da ta rasa.

A hanyar fita ya ce mini, "Zan kai dandali in ajiye kusa da naka. In ce musu kai wata uku ka yi kana gina naka, ni kafin azahar na gama nawa. In mutum ya riga kowa yi wa kansa dariya, me ya rage musu?" Ya tsaya. "Yanzu kai ni inda kake kwana."

Na kai shi Katako. Ya sunkuya ya shiga ɗakin, ya dubi gadon kara da tebur da littattafan gara. Ya fito ya duba bangon waje, inda ruwa ya cinye gindinsa har kaza za ta iya fakewa, da indararon da ya karye yana zubar da ruwa a jikin ginin. Fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir. Ya nemi mai gidan, wani tsohon Bazabarme, suka fahimci juna da hannu da kai. Kwana shida ya yi. Kullum in na taso daga lakol sai in tuɓe farar riga in naɗe wando in shiga taka ƙasa, yana tsaye yana cewa ƙafata ta manta komai. Maƙwabta suka yi ta leƙowa kallon mushe cikin taɓo. Ban mutu ba.

Ana gobe zai tafi, ya kira ni bayan ɗaki. A kan wani guntun katako akwai tubali ɗaya, irin namu mai kan mulmule, ya bushe. Ban ga lokacin da ya yi shi ba. Ashe ya ware ƙasa mafi kyau ya mulmula tun ranar farko, ya ajiye a rana.

"Hanyar nan da nisa," in ji shi, "ni kuma ba yaro ba ne. Ga na farko. Na yi masa bismilla. Ran da ka samu fili, in ina nan ka aiko, in ba na nan ka fara da shi."

Ya koma gida, ya koma dandali. Garba ya ce ranar har masu wucewa sai da suka tsaya jin dariyar magina, aka yi ta miƙa hotunan biyu hannu hannu. Inna ta yi fushin kwana biyu, sannan ta jingina na Baba kusa da nawa, ta ce ita dai ta ga riba, tana da masu gida biyu. Ni kuwa sunan Mai Soro ya bi ni har yau. Akwai tsofaffi a Damagaram da ba su san ina da wani suna ba. Wasiƙar da ta biyo baya, Baba ne a layin farko.

Tubalin ya bi ni duk inda aikin koyarwa ya jefa ni, a naɗe cikin tsohon zane a ƙasan akwati. Matata ta yi shekaru tana cewa ita kaɗai ce a ƙasar nan ake ƙaura da ita da ƙasa. Lokacin da na samu fili a Dar es Salam ta nan Yamai, unguwar tana daji, Baba ya daɗe da rasuwa. Magina na zamani suka zo da bulo da siminti da igiyar awo. Na ce su dakata. Na kwance zanen, na sauka ramin da kaina, na aza shi a kusurwar gabas. Babbansu ya ce, "Mushe, wannan ai ba zai ɗauki komai ba." Na ce ya ci gaba da aikinsa, ni na san abin da yake ɗauke da shi.

Duk wannan ban gaya wa jikata a lambun ba, don ta riga ta ɗaga waya tana jira, kuma yaran yanzu ba sa riƙe numfashi don kowa.

"Tsoho, ka tsaya mana! Dafa ƙofar!"

Na je na tsaya a gefen ƙofar, na harɗe hannuwana a baya.

"Ka dafa mana, ya fi kyau!"

Na ce, "Ɗauka haka, ƴar nema. Wannan ba nawa ba ne. In kina son in dafa, mu je gida."